Argosy: Jamhuriyar da ta shuɗe ta bar sunanta a ƙamusun Turanci

Duk ɗalibin da ya taɓa fama da wasan kwaikwayon William Shakespeare mai suna The Merchant of Venice ya ci karo da wata kalma tun a shafin farko, wadda galibi malami kan fassara a gurguje a wuce: "argosy". Ma'anarta babban jirgin ruwa na fatauci, irin mai tafiya da iska, wanda aka shaƙe da kaya masu tsada. A kan irin waɗannan jirage ne labarin duka ya rataya. Attajiri Antonio ya zuba dukiyarsa a cikinsu, ya tura wani Tarabulus, wani Meziko, wani Ingila, wani Indiya. Da abokinsa ya buƙaci kuɗi sai ya tsaya masa aka ranto dukat 3,000 na zinariya a hannun Shylock, bisa sharaɗin idan wata uku suka cika ba a biya ba za a yanki laba guda ta naman jikinsa. Da labari ya zo cewa jiragen sun salwanta, sai mai bin bashi ya fara wasa wuƙa.

Wanda ya ɗan san tatsuniyoyin Girkawa zai yi saurin cewa ai asalin kalmar a fili yake: Argo, jirgin da jarumi Jason da abokan tafiyarsa suka hau zuwa neman fatar rago ta zinariya. Haruffa huɗun farko iri ɗaya ne, dukansu jirage ne, dukansu kuma da ƙanshin dukiya a jikinsu. Manyan malaman Ingila sun yi sama da shekara ɗari suna faɗin haka, har ya shiga ƙamus. Sai dai bayanin kuskure ne. Kalmar sunan gari ce, Ragusa, wata ƙaramar jamhuriya a gaɓar Tekun Adiriyatik, wadda yau ake kira Dubrovnik a kudancin Kuroshiya. Yadda sunan ya shiga bakin Ingilishi, da yadda ya kuɓuce wa masu shi har sau biyu, labari ne na ciniki da haraji da dabarar da ƙaramar ƙasa ke yi ta kwana lafiya tsakanin manyan dauloli.

Abin da tsofaffin takardu suka nuna

Masu binciken asalin kalmomi ba su dogara da kamannin sauti, domin sauti mayaudari ne. Aikinsu shi ne bin sawun kalma a rubuce, daga inda take yau zuwa mafi tsufan takardar da ta ɗauke ta, suna duba yadda aka rubuta ta da abin da aka nufa da ita a kowane zango. Da aka bi sawun wannan kalma sai aka isa shekarar 1577, ga wani littafi kan harkar jiragen ruwa wanda John Dee ya rubuta, masanin lissafi da taurari da ke ba Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya shawara. A cikinsa ya jera nau'o'in manyan jiragen baƙi, kuma abin da alƙalaminsa ya rubuta shi ne "ragusyes". Bayan shi rubutun kalmar ya yi ta rawa, domin a wancan zamani Turanci bai da tsayayyiyar ƙa'idar rubutu: wani ya sa "arguze", wani "argosea", wani "ragosie", wani "rhaguse". A cikin waɗannan ambato na farko babu inda aka haɗa kalmar da Jason ko jirginsa.

Tushen daga Italiyanci yake, harshen da 'yan kasuwar Bahar Rum ke ciniki da shi a lokacin. Sukan ce "nave ragusea", wato jirgin Ragusa. Da magana ta yawaita a bakin tasha sai aka yar da kalmar jirgi aka bar sifar kaɗai, kamar yadda ɗan kamasho zai ce "ta Kano ta cika" ba sai ya ambaci mota ba. Saura tambaya ɗaya: yaya "ra" na farkon kalma ya koma "ar"? Amsar tana cikin yadda Ingilishi na ƙarni na 16 suke rubuta sunan garin kansa. Takardunsu sun kira shi Aragouse, sun kira shi Arragosa. Daga "aragouse" zuwa "arguze" wasali ɗaya ne ya faɗi a tsakiya. Musayar gurbin sauti kuwa ba baƙon abu ba ne a kowane harshe. Bahaushen da ke cewa bagaruwa da wanda ke cewa gabaruwa itace ɗaya suke nufi, haka mai hawainiya da mai wahainiya.

Akwai kuma shaidu na baka daga mutanen da suka san harkar. Lewes Roberts, ɗan kasuwar da ya wallafa jagorar fatauci a 1638, ya faɗa cewa manyan jiragen da jama'a ke kira "argoses" a Ragusa ake ƙera su, kuma daga sunan garin sunansu ya samo asali. Paul Rycaut, wanda ya yi aiki a ofishin jakadancin Ingila a Santambul, ya maimaita wannan bayani a littafinsa kan daular Turkawa a shekarun 1660. Ke nan 'yan kasuwa da jami'an diflomasiyya ba su taɓa ruɗewa ba. Ruɗanin daga baya ya zo, kuma daga ɗakin karatu ya fito.

Sunan gari ya zama sunan haja abu ne da kasuwa ta saba. A Turanci yadin "calico" daga Kalikut ta Indiya ya samo suna, "muslin" daga Mosul, "damask" daga Dimashƙa. A Hausa masana harshe da dama na danganta masara da Masar, ko da yake asalin shukar daga nahiyar Amurka take. Abin lura shi ne suna yakan bi hannun ƙarshe da ya miƙa kaya, ya manta da hannun da ya yi aikin: jar fatar akuya ta ƙasar Sakkwato da Kano ta keta Sahara ta isa Turai, can aka riƙa sayar da ita da sunan fatar Maroko. Ragusa ta fara da sa'a, domin sunanta ne ya hau jiragenta. Kafin a ga yadda sa'ar ta juya, ya kamata a san ko su wane ne masu jiragen.

Jamhuriya mai tutoci bakwai

Ragusa gari ne a kan dutse, teku a gabansa, tsaunuka a bayansa, ganuwarsa ba ta cika kilomita biyu ba. Ƙasar da yake mulka siririn zirin gaɓa ne da 'yan tsibirai, kuma jama'arta duka ba ta kai dubu ɗari ba ko a lokacin ganiyarta. Larabawa sun san shi tun da wuri: rundunar ruwa ta Aglabawa ta yi masa ƙawanya wata goma sha biyar daga shekarar 866, masanin taswira Al-Idrisi kuma ya ambace shi a littafinsa na 1154. Daga 1205 garin ya kasance ƙarƙashin Benis, babbar daular kasuwanci ta wannan teku, wadda ke naɗa masa gwamna tana kuma taƙaita masa ciniki. A 1358 Benis ta sha kashi a hannun Sarkin Hungari, Louis na Ɗaya, ta saki gaɓar Dalmashiya. Mutanen Ragusa suka karɓi inuwar Hungari, wadda ke nesa kuma ba ta da jiragen da za ta matsa musu, suka ci gaba da mulkin kansu.

Ba a jima ba Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta mamaye yankin Balkan har ta iso bayan ganuwarsu. Garin da ba shi da sojan kirki yana da zaɓi biyu, ya yi faɗa a murƙushe shi ko ya sayi zaman lafiya. Suka zaɓi saye. Daga 1458 suka fara kai wa Sarkin Santambul dukat 1,500 a shekara, kuɗin ya yi ta hawa har ya tsaya a 12,500 a 1481, ya zauna haka tsawon ƙarnoni. Sunan wannan kuɗi a bakinsu "harač", daga kharaj na Larabci, tushen da Hausa ta samo haraji. Jakadu biyu ne kan ɗauke shi ta ƙasa zuwa fada kowace shekara.

Abin da suka samu a madadi ya fi abin da suka bayar nesa. Sarkin bai ajiye musu gwamna ko sansanin soja ba. An ba fatakensu izinin yawo a duk faɗin daular, suna biyan kuɗin fito kashi biyu cikin ɗari, ƙasa da abin da sauran Turawa ke biya. Suka kafa zangonsu a Sofiya da Belgired da Sarayebo da Edirne. Tun kafin zuwan Turkawa ma su ne ke riƙe da cinikin azurfar ma'adinan Bosniya da Sabiya, har da na Srebrenica, garin da sunansa ke nufin azurfa, wanda duniya ta sake jin labarinsa a 1995 saboda kisan ƙare dangi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kasancewarsu 'yan Katolika, sun nemi izinin coci na yin ciniki da Musulmi, majalisar malaman coci da ta zauna a Basel ta ba su a 1433. Sai ya zama suna da takardar izini a hannun dama da wata a hannun hagu.

Ribar wannan matsayi takan fito sosai lokacin yaƙi. Sa'ad da Benis da Usmaniyya suka gwabza daga 1537 zuwa 1540, da kuma daga 1570 zuwa 1573, hanyoyin cinikin Benis suka toshe, kayan da ke tsakanin gabas da yamma suka karkato ta tashar Ragusa, kuɗin fitonta ya ninka. Jamhuriyar takan ce ba ruwanta da faɗan, alhali tana tsegunta wa Santambul motsin jiragen Kirista, tana kuma tsegunta wa Fafaroma da Sifaniya motsin na Turkawa. Abokan hamayya suka yi mata laƙabin ba'a, mai tutoci bakwai, wato wadda kowa ya zo sai ta ɗaga tasa. A nata tutar kuwa kalmar Latin ta rubuta, Libertas, ma'ana 'yanci. Ana iya kiran wannan fuska biyu, kuma akwai gaskiya a zargin. Amma masarautun Sabiya da Bosniya da suka fi ta girma da soja duk sun faɗi a ƙarni na 15, ita kuwa ta kai ƙarni na 19 tana yanke wa kanta hukunci.

A cikin gida tsoronsu ɗaya ne, kada mutum guda ya yi ƙarfi. Shugaban jamhuriya wata ɗaya tak yake yi a kan kujera, yana zaune a fada, sannan a zaɓi wani. Sun kafa dokar killace matafiya a 1377, wadda ta tilasta wa duk wanda ya fito daga ƙasar da ake annoba ya zauna kwana talatin a keɓe kafin ya shiga gari. Ana ƙirga ta cikin na farko a duniya, amma kalmar Turanci ta killacewa, "quarantine", daga kwana arba'in na harshen mutanen Benis ta fito. Sun hana cinikin bayi a 1416, sun yi dokar inshorar jiragen ruwa a 1568. Kada dai a yi musu kwalliyar da ta wuce ƙima. Mulki na 'yan tsirarun gidajen sarauta ne da suka rufe ƙofar shiga majalisa tun 1332, attajirin da ba jininsu ba ba shi da ƙuri'a komai dukiyarsa, manoman karkara kuwa a ƙarƙashin iyayen ƙasa suke. Dokar 1416 ta hana saye da sayarwa, ba ta kawar da bauta dare ɗaya ba. Yahudawan da aka koro daga Sifaniya sun sami mafaka, amma daga 1546 a titi ɗaya aka tsugunar da su.

A kan wannan tsari jiragen suka tsaya. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a tsakiyar ƙarni na 16 Ragusa na da manyan jirage kimanin 180, adadin da ya sa ta cikin sahun gaba a Bahar Rum. Mafi shahara cikinsu shi ne wanda suke kira "karaka": mai faɗin ciki da zurfi, mai dogayen sanduna uku ko huɗu da ake ɗaura wa manyan ƙyallayen da iska ke turawa, da bene a goshi da wani a baya, da igwa a gefe saboda 'yan fashin teku. Irinsa ba don gudu aka yi shi ba, don ɗaukar kaya aka yi shi.

Daga Adiriyatik zuwa Landan

Abin da ya kai waɗannan jirage Ingila shi ne ulu. Ingilishi na saƙa wani yadi mai kauri da araha da ake kira "kersey", wanda ke da kasuwa sosai a ƙasashen Usmaniyya. Fataken Ragusa suka zauna a Landan suna saye, suna lodawa a Southampton da Margate da bakin Kogin Thames, su kai gida, daga can alfadarai su haura da shi tsaunuka zuwa kasuwannin Balkan. A zuwa kuma sukan kawo ruwan inabi na tsibirin Kirit da sauran kayan gabas. Ingila ta wancan lokaci ba ta zama sarauniyar teku ba tukuna, jiragen fataucinta ƙanana ne. Ga ma'aikacin tasha a Southampton, jirgin Ragusa na cikin mafi girman abin da ya taɓa gani yana yawo a kan ruwa, shi ya sa sunan ya zama ma'aunin girma, har aka fara kiran duk wani ƙaton jirgin Bahar Rum da shi ko daga ina ya fito.

Girman nasu ya jawo musu wata fitina. Sarakunan Sifaniya sukan yi hayar jiragen Ragusa, wani lokaci su ƙwace su da ƙarfi, don jigilar soja. Sa'ad da Sarki Philip na Biyu ya tura babbar rundunarsa ta ruwa don mamaye Ingila a 1588, akwai jiragen Ragusa a ciki. Ɗaya daga cikinsu, wanda Sifaniyawa suka tsare a Sisili suka sauya wa suna zuwa San Juan de Sicilia, ya tsere bayan an karya rundunar ya fake a Tobermory ta Sikotilan, inda ya tarwatse da fashewar albarushi a watan Nuwamban shekarar. Masu neman dukiya sun shafe ƙarnoni suna nutso a wurin.

A daidai wannan lokaci Ingilishi suka daina jiran baƙi su kawo musu kaya. Suka ƙulla yarjejeniya da Santambul kai tsaye, suka kafa kamfanin cinikin Turkiyya a 1581, wanda ya haɗe da na Benis ya zama Levant Company a 1592. Jiragensu da na Holan suka cika Bahar Rum. Wato kalmar ta zauna daram a Turanci a daidai shekarun da jiragen da suka haife ta ke daina zuwa. Kalmar da abin da take nuni gare shi ya ɓace daga idon jama'a kuwa marainiya ce, kowa na iya laƙaba mata uba.

Yadda sunan ya kuɓuce

Wanda ya fara ɗauke shi Shakespeare ne, ba da mugun nufi ba. Ya rubuta wasansa tsakanin 1596 da 1598, ya kuma yi amfani da kalmar yadda mutanen Landan ke amfani da ita. Amma da yake Antonio mutumin Benis ne, sai miliyoyin masu karatu na ƙarnoni huɗu suka tashi da fahimtar cewa "argosy" jirgin Benis ne, garin da ya mulki Ragusa shekara 153, wanda kuma a shekarun 1590 ɗin nan ya buɗe tasha a Split musamman don janye mata ciniki. Marubucin ya san wannan gaɓa ko da a labari ne. A wasansa Measure for Measure akwai ɗan fashin teku mai suna Ragozine, kuma Iliriya, inda ya ajiye labarin Twelfth Night, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu, tsohon sunan yankin ne.

Ɗauka ta biyu ta malamai ce. Mawaƙi Alexander Pope, da ya fitar da bugun wasannin Shakespeare a 1725, ya yi wa kalmar sharhi ya jingina ta ga Argo. Samuel Johnson ya ɗauki wannan ya sa a ƙamusunsa na 1755, yana ambaton Pope a matsayin madogara, kuma ƙamusun Johnson shi ne alƙalin Turanci na sama da ƙarni guda. Da an tsaya an duba da an ga bayanin na ɗingishi. Argo na tatsuniya siririn jirgi ne na mayaƙa hamsin masu tuƙi da hannu, babu abin da ya haɗa shi da ƙaton jirgin dakon ulu. Babu kuma wata ƙa'ida ta Turanci ko Latin da za ta bayyana daga ina wutsiyar "sy" ta fito.

Dalilin karɓuwarsa ba boyayye ba ne. Ɗan bokon Ingila na ƙarni na 18 ya tashi da Girkanci da Latin tun yana yaro, ya haddace sunayen jaruman Girka, amma da wuya ya iya nuna Ragusa a taswira. Jingina kalmar ga Jason ya ba ta nasaba mai daraja, irin wadda Turai ke son ji game da kanta, cewa komai nata daga Girka da Rum ya gangaro. Jingina ta ga Ragusa kuwa yana tuna wani abu da bai da daɗin faɗi: cewa kwanan nan Ingila ke dogaro da jiragen wani ƙaramin gari mai biyan haraji ga sarkin Musulmi don sayar da yadinta. Babu wanda ya zauna ya shirya ɓoye wannan. Bayani mai daɗin ji ne ya tarar da kunnuwan da ke jiransa, kamar dai labarin nan da ake yawo da shi cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito, wanda masana harshe ba su karɓa ba amma ya ƙi mutuwa.

Wanda ya taimaka aka mayar wa Ragusa haƙƙinta ɗan jarida ne. Arthur Evans ya je Balkan yana saurayi, ya zama wakilin jaridar Manchester Guardian daga 1877, ya kama gida a Ragusa, wadda a lokacin ke ƙarƙashin Ostiriya. Rahotanninsa na goyon bayan masu tawaye a yankin suka fusata hukuma, aka kama shi a 1882, aka tsare shi makonni, sannan aka kore shi daga ƙasar. Da James Murray da abokan aikinsa suka zo kan wannan kalma a babban ƙamusun Oxford, a kashin da ya fito a 1885, sun dogara da binciken da Evans ya yi musu kan girman cinikin Ragusa da Ingila, suka haɗa da tsofaffin rubuce-rubucen, suka yanke cewa daga Ragusa take. Evans daga baya ya yi suna a duniya da tonon tsohon birnin Knossos a Kirit, aikin da ya shafi tatsuniyoyin Girkawa kai tsaye, amma a wannan magana shi ne ya raba kalmar da tatsuniya.

Hukuncin ƙamus bai kashe tsohon zato ba. A 1882 Frank Munsey ya fara buga wata mujallar labarai a Amurka da suna The Golden Argosy, kamfanin Armstrong Whitworth na Birtaniya kuma ya sa wa jirgin samansa na fasinja sunan a 1926. Har yau ana samun masu rantsuwa da Jason.

Abin da ya rage a gaɓar

Ita jamhuriyar ta daɗe tana ja da baya kafin ta faɗi. Cinikin duniya ya koma Tekun Atilantika. Ranar 6 ga Afrilu, 1667, girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo baya suka rusa mafi yawan garin, suka kashe dubban mutane har da shugaban jamhuriya. An sake gini, jiragen ma sun ɗan farfaɗo a ƙarni na 18. Amma dabarar biyan wannan da lallashin wancan tana aiki ne muddin manyan dauloli na ganin amfanin a bar wata 'yar ƙofa a buɗe tsakaninsu. Napoleon bai ga wannan amfani ba. Sojojinsa suka shiga garin a 1806, Janar Marmont ya soke jamhuriyar ranar 31 ga Janairu, 1808, taron Biyana na 1815 kuma ya miƙa ta ga Ostiriya ba tare da an tambayi mutanenta ba.

Sunan Ragusa ma ya bar taswirar wannan gaɓa. Tun asali garin na da suna biyu, na masu harshen Latin da na Silabawa, kuma Dubrovnik, wanda ake dangantawa da kalmarsu ta itacen oak, ya bayyana a rubuce tun 1189. Bayan yaƙin duniya na farko, da garin ya shiga ƙasar da ta zama Yugoslabiya, shi ne ya zama sunan hukuma. Zaɓin suna ya zama siyasa, domin 'yan kishin Italiya masu da'awar mallakar Dalmashiya sun riƙe Ragusa a matsayin hujja. Wanda ya nemi Ragusa a taswira yau, wani gari daban zai samu a Sisili.

Wata dabara tasu kuwa tana nan a kan iyaka. A sulhun Karlowitz na 1699, don kada su yi maƙwabtaka da Benis ta ƙasa, shugabannin Ragusa suka yarda a ba Usmaniyya wasu 'yan yankuna biyu na gaɓa, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, su zama katanga. Na arewan shi ne Neum, kuma shi ne kaɗai mashigar teku da Bosniya ke da ita a yau, ya kuma yanke Dubrovnik daga sauran Kuroshiya. Matafiyi sai ya tsallaka iyaka sau biyu cikin kilomita tara, har zuwa Yulin 2022 da aka buɗe gadar Pelješac mai tsawon kilomita 2.4 don kauce wa wurin. Tarayyar Turai ce ta biya kashi 85 cikin ɗari na kuɗin da ta amince da su, wani kamfanin gwamnatin Sin ne ya gina.

A Oktoban 1991, bayan Kuroshiya ta ayyana 'yanci, sojojin Yugoslabiya suka yi wa garin ƙawanya, har aka shelanta wata sabuwar "Jamhuriyar Dubrovnik" a yankin da suka mamaye, da nufin ɓalle shi daga Kuroshiya da sunan tsohon tarihinsa. Ranar 6 ga Disamba aka yi wa tsohon birnin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1979, ruwan harsasan igwa. Kotun duniya kan laifukan yaƙin Yugoslabiya ta ɗaure Janar Pavle Strugar shekara takwas a 2005, kuma lalata wuraren tarihi na cikin laifukan da aka kama shi da su. Irin wannan laifi ne kotun ICC ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara a kansa a 2016, saboda rusa hubbaren waliyyan Tumbutu.

Manyan jirage na zuwa Dubrovnik har gobe, sai dai kayansu 'yan yawon buɗe ido ne, da yawansu sun zo ganin inda aka ɗauki fim ɗin Game of Thrones, kuma cunkoson ya kai hukumar birnin ta ƙayyade yawan jiragen da za su tsaya a rana. A tashar akwai kwaikwayon tsohon jirgin ƙarni na 16 da aka ƙera da katako, yana zagayawa da baƙi a gindin ganuwa da yamma. Sunansa Karaka, yadda mutanen garin ke kiran irinsa tun asali. A unguwar Babin Kuk kuma, 'yan kilomitoci daga tsohon birnin, akwai wani otal da ke karɓar baƙi daga Ingila da sauran ƙasashe, an rubuta sunansa a ƙofa da rubutun Ingilishi: Argosy.